Fanta da Garken Kawunta

Duk wanda ya ce muku aikin ƙididdiga zaman ofis ne da shan iskar fanka, ku turo min shi. Ni Edna, na daɗe a wannan aiki har wasu yaran da ake ɗauka yanzu ba a haife su ba lokacin da na fara, kuma mafi yawan shekarun nan a tebur ɗaya na yi su da Adda Fanta. Labarinta zan bayar, don na gaji da jin yadda ake juya shi a gidajen biki, kowace mace da irin gishirin da take ƙara masa.

A unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin garin Gombe aka haife ta. Babanta ma'aikacin gwamnati ne, mutumin gari, mai keke da biro a aljihun gaba. Mahaifiyarta kuwa, Inna Batul, daga ruga aka auro ta can wajen Dukku, kuma har yau in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta, sai ta koma Fulatanci. Duk hutun makaranta rugar ake kai Fanta, wurin yayan Innar, Kawu Aƙilu, wanda daga baya ya zama Ardo, wato shugaban makiyayan yankin. Tana sakandare babanta ya rasu. Dangin uba suka yi ta'aziyya, suka sha kunu, suka watse. Kawun nan ne ya tsaya mata har ta gama jami'a, shi ya ba da aurenta ga Malam Muktar, kuma duk haihuwar da ta yi sai ya zo Gombe da kansa, da tulun man shanu a bayan mashin. Ba ta taɓa ce masa Ardo ba, Kawu take cewa, shi kuma ya ce mata ɗiyata.

Doguwa ce, ba ta da hayaniya, amma kai, taurin kai! In ka kawo mata rahoto ka rubuta "kimanin", za ta maido maka da shi ba tare da ta ɗaga ido ba. Ni mutuniyar Kaltungo ce, bakina ba ya riƙe magana, don haka mun yi faɗa da ita ya fi a ƙirga. Ni na sa mata suna Adda Doka, wato Yaya Doka a Hausa, har masinjoji suka ɗauka. Ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba. Ranar da aka kwantar da mijina a asibiti, ita ta kwashe 'ya'yana, su Olivia, daga unguwar Madaki ta kai su gidanta, ta riƙa kai su coci ranar Lahadi tana jiransu a mota. Irin mutuniyar ke nan, kada wani ya ce muku muguwa ce.

Bari in yi muku bayanin aikin a taƙaice, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya same ta ba. Kowace ƙasa tana haɗa lissafin abin da ta samar a shekara: hatsi, siminti, kifi, madara, dabbobi, komai da komai. Shi ake kira lissafin tattalin arzikin ƙasa. Buhun masara ba ya tafiya da ƙafarsa, saboda haka ba shi da wahala. Saniya fa? Ta yi damina a Gombe, ta yi rani a Kamaru, wata ma ta leƙa Chadi ko Nijar. Kowace ƙasa sai ta rubuta ta a cikin arzikinta. In aka zo taron yanki aka ajiye lissafin gefe da gefe, sai ka ga shanun da ke kan takarda ko ciyawar duniya aka tara ba za ta ishe su ba. Daga nan aka ce ƙasashe huɗun su bi hanya ɗaya, su ƙirga a lokaci ɗaya, sau biyu: farkon damina, da kuma kaka kafin garkuna su tashi. Bambancin da ke tsakanin ƙirga biyun shi zai nuna abin da aka haifa, da wanda ya mutu, da wanda aka sayar. Aka buɗe ƙaramin ofis a Gombe, aka ce Fanta ce za ta haɗa kan aikin duka, ni kuma mataimakiyarta.

Ta iya aikin, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Taronmu ta kwamfuta ake yi, rabi Turanci rabi Faransanci, tafinta yana tsakiya yana gumi. In layi ya fara tsinkewa kowa ya ɗaga murya, sai Fanta ta ajiye Turancin ta yi wa na Damagaram Hausa, ta yi wa na Chadi Fulatanci, cikin ɗan lokaci a gama abin da aka kwana biyu ana ja.

A ɗaya daga cikin tarukan nan ne ta kawo dokar da ta zame mana masifa. A baya an sha kama ma'aikata suna zama a gindin bishiya su ƙirƙiro adadi daga kansu, ba su ko ga wutsiyar saniya ba. Fanta ta ce daga yau in an gama ƙirga garke, dole a faɗi adadin da murya a gaban mai shi, ya amsa, na'urar hannu ta naɗi muryar. Wakilin Kamaru, Mista Cornelius, wani mai tumbi da yawan dariya da ke aiki a Garwa, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Madam, makiyayanmu ba sa son a faɗi yawan shanunsu da baki. Na naku ma haka suke, kin fi ni sani."

Ta fi shi sani kuwa. Ita da ta tashi a ruga, ta san Bafulatani yana sanin shanunsa da suna da kama da uwar da ta haife su, amma ba ya cewa guda kaza ne. A wurinsu faɗin adadi kiran asara ne, ga kuma tsohon tsoron jangali, harajin shanu, da bai gama fita daga zukata ba. Amma a ranar nan, dokar ce kawai a kanta. Ta ce masa, gaban kowa, "Mista Cornelius, in ma'aikatanka ƙyuya suke ji, ka faɗa mana, kada ka fake da makiyaya." Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da ta janye. Cornelius ya yi dariyarsa, ya ce to, Madam ta yanke. Aka rubuta dokar, ƙasashe huɗu suka sa hannu.

Da damina ta faɗi muka fita. Ardo-ardon wajen Dukku ba su so ba, amma Kawu Aƙilu ya ce ɗiyarsa ce, ba za ta kawo musu cuta ba, kuma a fara da garkensa. Sai dai ya ja ta gefe ya ce mata, ina tsaye ina ji, "Ki duba da idonki, ki rubuta abinki. Ni ba ruwana da abin da kika rubuta." Ko ni da ba Bafulatana ba na gane me yake nufi.

Ga inda abin ya ƙulle. An shirya cewa kowace ƙasa ta tura mutum ya sa ido a aikin wata, kuma wanda aka turo mana Cornelius ne. Da safe bayan an gama tatsa, Fanta ta shiga garken da na'urarta, tana bi a hankali, shanun ma kamar sun san ta. Ta gama ta fito. Kawu na tsaye da sandarsa a kafaɗa, matan ruga na gefe da ƙoren nono, Cornelius ya harɗe hannu a kan tumbinsa yana kallonta yana murmushi. Bai ce komai ba, Allah ya sani bai ce komai ba. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, "Adda, bari sai mun koma mota." Ta dubi Kawu, ta dubi Cornelius. Sai ta danna na'urar, ta faɗi adadin, tiryan-tiryan, har maruƙa.

Kada ku tambaye ni nawa ne, ni ba zan maimaita ba. Wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta yi salati. Kawu ya dubi ƙasa ya ce, "Na ji." Na'ura ta naɗa, doka ta cika. Kindirmon da aka kawo mana muka sha shi ba daɗi, kuma da za mu tafi ba wanda ya raka mu bakin mota. Sauran ardo-ardon da suka ga babbansu ya haɗiye, su ma suka haɗiye, muka gama zagayen farko. A hanya na wanke ta tas. Na ce, "Don kada mai tumbin nan ya yi miki dariya kika yi wa tsohon nan haka? Haba Adda!" Ta ce doka ɗaya ce ga kowa, in ta karya a gidansu da wane baki za ta yi wa Kamaru magana.

Tsakiyar damina ciwon huhu ya shiga shanun yankin. Likitan dabbobi ya ce daga wasu shanu da aka sayo a kasuwa ya zo, ya bi mashaya ya bazu, kuma ni na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma ku gaya min, me ya sa sai garken Kawu ne ya fi kowane faɗuwa? Ni ban sani ba, likitan ma kafaɗa ya ɗaga. Mutanen ruga kuwa ba su tsaya neman dalili ba, suna da nasu. Bakin 'yar Batul ne, in ji su.

Fanta ta yi abin da za ta iya. Ta nemo likitoci, ta bi aka kai allura, ta yi ta zirga-zirga. Kawu ya karɓi likitocin, amma ya daina ɗaukar wayarta. Matan ruga masu kawo nono Gombe, waɗanda tun da can gidan Inna Batul ne masaukinsu, a nan suke sallar azahar su huta, suka koma wucewa ta ƙofar gidan ba ko sallama. Wannan ne ya karya tsohuwar. Abincin da Fanta ke aika mata kullum ya fara dawowa a rufe kamar yadda aka kai shi.

Ana cikin haka kaka ta matso, ga zagaye na biyu. In ba a yi shi ba, na farkon ya tashi a banza, ba namu kaɗai ba, na ƙasashe huɗun duka, domin lissafin a ɗaure yake da juna. Kuma dole a gama kafin garkuna su tashi, don da zarar sun kama burtali sun gauraya, shi ke nan. Fanta ta kira taro. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce ta yi kuskure, tana roƙo a cire dokar faɗin adadi. Cornelius ne ya amsa, kuma wannan karon ba dariya. Ya ce, "Madam, na ji abin da ya faru, kuma na yi baƙin ciki. Amma ke kika koya mana cewa ba a sauya hanya a tsakiyar aiki. Ma'aikatana sun sha zagi, an kori ɗaya da sanda, duk da haka mun bi dokar. In aka cire yanzu, wa zai yarda da zagaye na biyu?" Na so in ji haushinsa, na kasa, don gaskiya ya faɗa. Na Nijar da na Chadi suka goyi bayansa.

Nijar ta gama. Chadi ta gama. Kamaru ta gama. Mu da ke riƙe da ragamar aikin, ko garke ɗaya ba mu taɓa ba a wajen Dukku. Duk ardon da ma'aikatanmu suka je wa, amsa ɗaya ce: sai abin da Ardo Aƙilu ya ce. Shugabanmu na Abuja ya riƙa kira safe da yamma, tun yana lallashi har ya fara cewa in ba za ta iya ba akwai masu iyawa. Manoma sun fara girbin gero, kowa ya san da an kwashe amfanin gona shanu za su ci kara su wuce. Fanta ta rame, gilashinta har zamewa yake daga hanci. Malam Muktar ya same ni a bakin ofis ya ce, "Maman Olivia, ki yi mata magana, ni ta daina jin tawa."

Na yi mata maganar, kuma har gobe ina ganin shawarata ce mai kyau. Na ce mu je mu roƙi Kawu ya bari a duba garken, mu yi shiru, in mun dawo mota ta faɗi adadin a can, direba ya ce "na ji" da muryar tsofaffi. Wa zai sani? Ta cire gilashin ta kalle ni, ta ce, "Edna, saboda masu irin wannan dabarar na kawo dokar." Na ce to ai sai ki ci dokar ki ƙoshi. Na fita na bugo mata ƙofa.

Washegari ta ce in raka ta Kumbiya-Kumbiya, za ta gaya wa Inna cewa za ta ruga. Muka tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince shinkafa. Fanta ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a gajarce. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ture tiren gefe.

"Za ki sake ƙirgawa?"

"Inna, aikin mutane da yawa ne a wuyana."

"Yayana Hamma Aƙilu fa? Shi ba mutum ba ne? Wa ya riƙe ki da ubanki ya mutu, ƙasashen ne?"

Inna ta juya zuwa Fulatanci, ta yi ta yi, ni dai kalma ɗaya biyu nake tsinta. Amma ƙarshen da Hausa ta faɗe shi, ina jin don ni ma in zama shaida. Ta ce, "In kika sake buɗe baki a kan garken Hamma, ki nemi wata uwar." Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki. Na san tsohuwar ba ta magana biyu.

Duk da haka muka tafi. Da sassafe muka bar Gombe, ni da ita da direba. Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar rugar, sai muka fara cin karo da garkunan da suka riga suka tashi, mata a kan jakuna da ƙore a ɗaure. Fanta ta riƙe na'urar a cinya da hannu biyu. Na ce mata, "Adda, har yanzu za mu iya juyawa." Ta girgiza kai.

Rugar ma rabi an kwance ta. An sauke bukkoki, an ɗaure kaya, sai turakun maruƙa a tsaye. Ardo-ardon yankin suna zaune a gindin wata tsamiya tare da Kawu, suna shawarar hanyar da za su bi. Wato ranar da ta fi kowace muni muka zaɓa. Kawu ya tsufa a 'yan watannin nan, wuyansa ya zama siriri cikin rawani. Fanta ta cire takalmi tun daga nesa, ta je ta durƙusa. Aka yi gaisuwa doguwa irin tasu, lafiyar gida, lafiyar yara, lafiyar Batul. Ba wanda ya ambaci shanu.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta san abin da ake faɗa a kanta. Ta ce ta yi masa laifi ranar farko, ya ja mata kunne ta ƙi ji. Ta ce ta roƙi a cire dokar an ƙi, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba, in ya yarda aka ƙirga, dole a sake faɗin adadin da murya. Wani daga cikin mutanen ya miƙe tsaye yana faɗa da Fulatanci yana nuna ta da sanda. Kawu ya ɗaga hannu kawai, mutumin ya koma ya zauna.

Kawu ya ce, "In na ce a'a fa?"

"Zan koma, Kawu. Aikin ya rushe, su ba wani kujerar."

"In na ce e?"

Fanta ta ce, "Inna ta ce in nemi wata uwar."

Ni dai addu'a nake a zuci, ban ma san me nake roƙo ba. Can Kawu ya ce, "Je ki duba."

Ta tashi ta shiga garken. Wancan karon na farkon damina ta daɗe a ciki har ƙafata ta gaji da tsayuwa. Wannan karon kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ta fito. Na ga shanun da idona, filin da suka cika a da yanzu gefe ɗaya suka tsaya, wasu ƙasusuwan haƙarƙari a waje. Na ji hawaye ya zo min, ni da ba nawa ba.

Ta dawo gaban tsamiyar ta tsaya. Mata sun taru a bayanmu. Ta danna wurin naɗar murya, ta buɗe baki, na rufe idona.

"Tsaya," in ji Kawu. "Juyo min abin nan."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Na ce juyo min shi, ɗiyata. Ina riƙe waya, na san lamba."

Ta durƙusa ta juya masa fuskar na'urar. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye. Dattijon da tunda aka haife shi bai taɓa faɗin yawan shanunsa ba, ko ga matarsa, ya ɗaga murya ya faɗi adadin da Fulatanci, ya sake faɗa da Hausa don na'urar ta ji da kyau. Bai kai rabin na farko ba. Ya ce, "Haka ne, nawa ne, na yarda." Sannan ya juya ga ardo-ardon.

"Kun ji da kunnenku. Bakina ne ya faɗa, ba nata ba. In wata ta faɗi gobe, ni za ku nema. Kada wanda ya sake kai magana gidan Batul, kuma matanku su koma sauka a can kamar da."

Wasu suka sunkuyar da kai, wani tsoho ya juya masa baya a fili. Fanta na durƙushe tana kuka ba sauti, ta ma manta na'urar na ci gaba da naɗa, ni na karɓa na kashe. Kawu bai dube ta ba. Ya ce da mutanen, wanda ya ga dama ya yi yadda shi Kawu ya yi, ya karanta nasa da bakinsa, don yarinyar nan ta sallami mutanen ƙasashen da ke jiranta. Ba duka suka yarda ba, amma waɗanda suka yarda sun isa. Muka kwana biyu muna bin garkuna, wani ma a kan burtali muka tare shi.

Da muka aika sakamakon, Cornelius ya saurari muryar da kansa. Dokar ta ce a faɗi adadi a gaban mai garke ya amsa, ba ta ce wa zai faɗa ba. Ya kira Fanta ya ce Kamaru ta amince, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma na ga girmansa a nan. Lissafin ƙasashe huɗun ya zauna daidai a karon farko. Aka yi taro a babban otal, aka tafa mata, aka ɗauki hoto. A taron ne ta miƙe ta ce kafin a shiga sabuwar shekarar aiki a cire dokar nan, mai garke ya dubi na'ura ya dangwala yatsa ya wadatar. Ba wanda ya yi musu, aka cire ta cikin minti kaɗan. Abin da ya ba ni haushi ke nan har yau, sauƙin da aka cire ta da shi.

A ruga kuwa maganar ba ta mutu ba. A hanyarsu ta kudu wasu shanun Kawu suka ƙara faɗuwa, abin da likita ya riga ya ce zai faru. Amma yanzu ba Fanta ake zargi ba. Cewa ake Ardo ya sayar da al'ada saboda 'yar boko, ya kira wa kansa asara da bakinsa. Mutanen da suka yi shekaru suna bin bayansa suka fara yanke shawara ba tare da shi ba. Bai yi jayayya da kowa ba, ya sauka ya bar wa wani ardancin. Da damina ta zagayo garkuna suka dawo wajen Dukku, nasa bai dawo ba.

Matan ruga sun koma sauka a gidan Inna Batul, kuma tsohuwar tana cin abincin Fanta yanzu. Kawu ma yana ɗaukar waya. Ina zaune a ofis nake jin su, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar Malam Muktar, har ni yakan ce a gaida mai faɗan nan. In ta ce, "Kawu, yaushe za ka dawo?" sai ya ce ciyawa ta fi kyau a inda yake. Ta ajiye wayar, ta goge gilashi, ta ja kwamfuta ta ci gaba da aiki. Har yanzu ita ce ke haɗa kan ƙasashe huɗun, kuma har yanzu tana maido da rahoton da aka rubuta "kimanin".

Inna Batul ta tsufa sosai bana, idonta ma ya fara rauni. Ba ta tambayar Fanta komai a kan yayanta Aƙilu. Ni take jira. Duk ranar da na biya Kumbiya-Kumbiya gaishe ta, sai ta bari Fanta ta shiga ɗaki, ta kamo hannuna ta ce, "Edna, ku da kuke bin shanu, a wurin aikin naku ba a gaya muku ranar da na Hamma za su dawo ba?"